Gudun fanfalaki don masu ciwon zuciya: tambayoyin da aka fi yi mana a Gombe

Tun da muka fara maganar shiga gudun fanfalaki don tara wa masu ciwon zuciya kuɗin magani, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa, a gurup ɗin WhatsApp, a ƙofar masallaci bayan asuba, har wajen mai shayi. Shi ne muka ce bari a tattara su waje guda, wanda ya tambaya sai a tura masa. Ba likitoci ba ne mu, masu gudu ne, duk inda muka ce a ga likita to da gaske muke.

Wai nawa ne nisan gudun, kuma mutum irina zai iya?

Cikakken gudun kilomita 42 ne da mita 195. In kana son ka gane shi a ido, ka ɗauki daga cikin garin Gombe zuwa Dadin Kowa, ka ɗan ƙara a kai. Akwai rabinsa, kilomita 21 da ɗoriya, akwai na kilomita 10, akwai na 5. Gwanayen duniya suna cinye cikakken a awa biyu da 'yan mintoci, marigayi Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya yi shi a awa 2 da sakan 35 a Chicago a 2023, amma wannan ba lissafinmu ba ne. Wanda ya fara yau, awa biyar ko shida ba abin kunya ba ne.

Za ka iya, in lafiyarka ƙalau kuma ka ba wa jiki lokaci. Shawararmu dai shekarar farko ka tsaya a kilomita 10, kuɗin da za ka tara bai san nisan da ka yi ba.

Me ya haɗa gudu da tara kuɗi? Me zai hana mai bayarwa ya bayar kawai?

Wannan tambayar dattawa ne suka fi yi mana, kuma suna da gaskiya, sadaka ba ta buƙatar zufa. Amma ku duba yadda abin yake yanzu, kullum sai an turo hoton mara lafiya da lambar asusu, mutane sun gaji, wasu kuma an sha damfararsu, sai su wuce ko karantawa ba sa yi. In kuwa ɗan unguwarku ne wanda ka sani, kana ganinsa kullum da asuba yana wucewa a guje wata huɗu cur, ya zo ya ce Alhaji zan yi kilomita 42 saboda yaran nan, me za ka sa a kowace kilomita, to nauyin maganarsa daban ne.

Yadda ake yi, kowa ya ɗauki alkawari. Misali wani ya ce naira 500 a kowace kilomita, ka ga naira 21,000 ke nan in ka ƙarasa. Ka samu mutum ashirin irin wannan, an tashi da 420,000 daga mai gudu ɗaya. Bayan kuɗin kuma akwai maganar da ake yi, don duk wanda ka roƙa sai ya tambaye ka wai wane irin ciwo ne, daga nan sai ka ce masa yaushe rabonka da awon jini.

Me ya sa ciwon zuciya, ba wata cutar ba?

Saboda shi ne kan gaba wajen kisa a duniya kuma a nan ba a cika kiran sunansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka kashe a 2019, kuma sama da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. A wajenmu sai dai ka ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jiki ya shanye, ko an ce jifa ne.

Kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda hawan jini ke jawowa, mutum yana yawo da 140 bisa 90 ko sama shekara da shekaru ba ciwon kai ba komai har zuciyar ta gaji. Akwai yaran da ake haifa da shi, kusan jariri ɗaya cikin ɗari, wanda muke cewa huji a zuciya, yaro ba ya girma, yana shan nono yana haki yana zufa, wani leɓensa ya yi duhu. Akwai wanda ke farawa daga ciwon maƙogwaro na yara da ba a ba shi maganin da ya dace ba, bayan shekaru ya lalata ƙofofin zuciya, wallahi wannan ya fi ƙona mana rai don da maganin kuɗi kaɗan za a iya tare shi tun farko. Sai wanda ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, zuciya ta yi rauni, ƙafa ta kumbura, mai jego ta kasa kwanciya sai a zaune, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Sau da yawa ana cewa gajiyar haihuwa ce, ana ta ɗura mata kunun kanwa, har lokaci ya ƙure.

To ɗan abin da za mu tara zai isa a yi wa yaro aiki?

Gaskiya a faɗa, aikin buɗe zuciya miliyoyi yake ci, ko a gida ko a Indiya. Kanu Nwankwo da kansa aikin zuciya aka yi masa a Amurka a 1996 bayan zinaren ƙwallon ƙafa na gasar Olympics ta Atlanta, shi ya sa ya kafa gidauniyarsa a 2000, kuma ko ita mai suna har yanzu neman tallafi take. Don haka kada ku ɗaga wa iyaye rai da alkawarin tiyata a shekarar farko, ba abin da ya kai wannan ciwo a wajen uwa.

Amma akwai abubuwa da yawa da ƙaramin kuɗi ke yi. Hoton zuciya na eko wanda sai da shi ake sanin takamaiman matsalar. Kuɗin mota daga Nafada ko Dukku ko Balanga zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, wanda shi kaɗai yana hana mutane komawa ganin likita. Allurar fenisilin da masu lalacewar ƙofar zuciya ke yi duk sati uku ko huɗu. Maganin wata-wata. Na'urar awon jini da za a ajiye a masallaci ko coci ko makarantar Islamiyya ta matan aure. Yadda ake zaɓen wanda za a ba yana can ƙasa a amsar rabon kuɗi.

A ina ake irin wannan gudun?

Mafi girma a ƙasar nan shi ne na Legas wanda aka fara a 2016, ana yinsa a watan Fabrairu, akwai na kilomita 42 akwai na 10. Akwai na Okpekpe a jihar Edo, kilomita 10 ne amma da hawa, yawanci a watan Mayu. Kaduna ta yi nata a 2020, Abuja ma an yi. Rajista ta intanet ake yi, a riƙa duba sanarwarsu da wuri.

Ka lissafa kuɗin mota da masauki, kuma daga aljihunka za su fito ba daga na marasa lafiya ba. In ka ga kuɗin tafiyar ya kusa kai abin da za ka tara, gara ku shirya naku a gida, duba amsar shirya gudu a Gombe. Mutane da yawa suna ɗaura nasu da 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya.

Dole sai na ga likita? Ni fa lafiyata ƙalau, ƙwallo nake bugawa.

Samuel Okwaraji ƙwallo yake bugawa, a tawagar ƙasa ma, ya faɗi a filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, yana da shekara 25, kuma zuciya ce. Allah ne mai rayuwa, amma bai hana mu bincike ba. A wajenmu ba ma sa sunan kowa sai ya auna jini da suga. In ka haura 40, ko kana shan taba, ko akwai wanda ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya a gidanku, ko kana jin ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, ko ka taɓa suma a wajen motsa jiki, to ka je a yi maka ECG, wato gwajin bugun zuciya, likita ya ce ka yi kafin ka yi. Mai sikila ma sai da izinin likitansa. Ba ma son mu fita neman wa wasu lafiya mu dawo da gawa.

Ina da hawan jini, ke nan babu ni?

Akwai kai, in jinin ya daidaita kana shan magani kuma likita ya yarda. Motsa jiki ma yana cikin maganin, minti 150 a sati na tafiya da sauri shi ne abin da hukumomin lafiya ke cewa. Sai dai ka fara da tafiya ba gudu ba, kuma kada ranar gudu ka ce yau ba zan sha magani ba. Masu shan maganin da ke sa yawan fitsari su gaya wa likita za su yi doguwar tafiya a rana, don ruwan jiki na saurin ƙare musu.

Wata nawa zan yi ina tirenin?

Wanda ya riga ya saba da kilomita 5 zuwa 10, sati 16 zuwa 20 ake ba cikakken gudu. Wanda bai taɓa ba, ya ba kansa wata biyu zuwa uku don kilomita 10, cikakken kuma sai baɗi in Allah ya kai mu. Farawa ita ce gudu minti ɗaya tafiya minti biyu, kana maimaitawa har rabin awa, sau uku a sati, kuma gudun ya zama wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke ba. Matasa ba sa son jin wannan, kowa so yake ya tsere wa abokinsa a satin farko, sati na uku sai ka ga gwiwa ta kumbura an daina fitowa.

Kada ka ƙara fiye da kusan kashi 10 cikin ɗari na nisan sati a sati na gaba. Rana ɗaya a sati ta doguwar hanya ce, tana ƙaruwa a hankali har ta kai kilomita 30 zuwa 32, daga nan sati biyu ko uku na ƙarshe sai ka rage sosai jiki ya huta. Filin wasa na Pantami yana da kyau ga mai farawa, doguwar hanya kuma ana bin bayan gari, a gefen da kake fuskantar motoci, da riga mai haske, kuma ba kai kaɗai ba. Mai hali ya je wajen Kaltungo ko Tula wani ƙarshen sati ya sha hawa, ba banza ba ne 'yan Pankshin da Jos suke gaban kowa a dogon gudu a ƙasar nan.

Zafin Gombe fa?

Maris da Afrilu rana tana kai maki 40, don haka ana idar da asuba ake fita, kafin takwas an dawo. Gudu da azahar a bazara ganganci ne. In ka ga mai gudu yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, a tsayar da shi ko bai so ba, a kai shi inuwa a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nufi asibiti. Lokacin hunturu kuma sanyin ya yi daidai da gudu, ƙurar ce matsala, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ranar da hazo ya yi kauri a haƙura.

Ya za a yi da azumi?

A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11, don haka ka duba kalanda kafin ka yi rajistar na Legas. A cikin watan ba a ƙara nisa, riƙe abin da ake da shi ake yi. Wasu suna ɗan taɓa minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa, wasu bayan tarawi, mu mun fi son na daren don akwai ruwa a hannu. Doguwar hanya da bakin azumi, a'a.

Me zan ci, me zan sha?

Abincin gida ya isa, tuwo, shinkafa da wake, dankali, doya, ƙwai, fura da nono bayan an dawo. Kafin doguwar hanya ka ci abu mara nauyi awa biyu kafin, koko ko burodi da ayaba. Makamashin da jiki ke ajiyewa yakan ƙare wajen kilomita 30, nan ne ƙafa ke yin nauyi mutum ya ji kamar ya zauna, shi ya sa ake fara cin dabino biyu ko uku duk minti 40 tun kafin a ji yunwa. Ruwa kuma kurɓa-kurɓa gwargwadon ƙishi, ba a ɗura leda biyar a tashi ɗaya ba, don yawan ruwa zalla yana rage gishirin jini kuma yana da haɗari. A doguwar hanya a haɗa da ruwan gishiri da suga na kemis.

Abin da za mu roƙa da babbar murya, ban da tramadol, ban da haɗe-haɗen maganin ƙarfi, ban da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari. Diclofenac da ibuprofen ma kada a sha kafin gudu wai don kar a ji ciwo, in jiki ya bushe suna taɓa ƙoda. Ranar gudu kuma ba ranar gwada sabon abinci ba ce.

Sai na sayi takalmi mai tsada?

A'a. Kambas na gwanjo mai laushin ƙasa wanda bai cinye ba ya wadatar, ka bar ɗan fili kamar faɗin babban yatsa a gaba. Ka saba da shi tun a tirenin, sabo ranar gudu salewa yake sa ƙafa. Basilin a cinya da hammata.

Mata za su iya shiga?

Sosai ma, kuma ciwon da muka ambata na masu jego ya isa dalili. Hajiya ba sai kin canja shigarki ba, dogon wando mai faɗi, riga mai sauka, hijabi mara nauyi mai shan iska. A shawarci gida, a fita a ƙungiya, a samu filin makaranta ko sitadiyam da sassafe in titi bai yi ba. Wadda ba ta son gudu ta yi tattakin kilomita 5, alkawarin kuɗi iri ɗaya ne. Mai ciki da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba su bi amsar ganin likita da ke sama.

Wa zai riƙe kuɗin? Mun gaji da a tara a cinye.

Nan ne gaba ɗaya maganar take. Gudu kowa zai iya koya, amana ce ke da wuya, kuma in aka ci ta sau ɗaya ba ku kaɗai kuka rasa ba, duk wanda zai zo neman taimako a bayanku an rufe masa ƙofa. Kada kuɗin ya shiga asusun mutum ɗaya, ko da liman ne, ko da kai ne, ba don ana zarginsa ba sai don a kare shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗa kai da gidauniyar da ke da rajista, mutane su tura mata kai tsaye. In kuna son taku, sai an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, banki kuma zai nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram, kafin asusun ya yi aiki yadda ya kamata, wannan yana ɗaukar lokaci, a fara tun kafin tirenin.

A sa hannu mutum uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Duk Juma'a a tura wa masu bayarwa jimillar abin da ya shigo. Wanda ya ba da a hannu a rubuta masa rasit nan take a kai banki washegari. Kuɗin riga, ruwa, fosta da man mota a nemo su daban daga 'yan kasuwa, a faɗa tun farko cewa kowace naira ta alkawari ta mara lafiya ce. Bayan an gama a fitar da lissafi dalla-dalla cikin wata ɗaya, har da cajin banki.

To wa za a ba, kuma wa zai zaɓa?

Ba masu gudu ba. In mu ne za mu zaɓa, kowa yana da ɗan yaya ko maƙwabci, rigima za a yi. A bar wa likitocin zuciya da sashen jin daɗin marasa lafiya na asibiti su ce ga waɗanda suka fi buƙata kuma taimakon zai yi musu amfani. A biya asibiti ko kemis kai tsaye a karɓo rasit, kada a miƙa tsabar kuɗi, don gidan da babu abinci dole kuɗin magani ya koma tukunya kuma ba laifinsu ba ne. A tambaya ko mara lafiyar yana cikin inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, wani lokacin yi masa rajista ya fi ba shi kuɗi sau ɗaya.

Hoton yaro kwance babu riga, don Allah a daina. Ba a sa hoto ko suna sai iyaye sun yarda da bakinsu, kuma wanda ya ƙi a ɗauke shi hoto ba a cire shi daga layi.

Zan iya ba da zakkata?

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, talaka da miskini da wanda bashi ya yi wa katutu suna ciki, kuma da yawan marasa lafiyar nan haka suke. Amma zakka tana da sharuɗɗanta, ba a sayen na'urar awo ko ruwan masu gudu da ita haka kawai. Ka tambayi malaminka, kuma in za ka bayar ka faɗa cewa zakka ce don a ware ta.

In muna son shirya namu a cikin Gombe, me ake buƙata?

Ku fara da 5 ko 10. A rubuta wa 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra da ma'aikatar wasanni da wuri, a gaida masu unguwannin da za a ratsa, a sanar da 'yan acaɓa da masu Keke Napep ta shugabanninsu. A tashi da shida da rabi. Teburin ruwa duk kilomita biyu ko uku, motar asibiti tana bin na ƙarshe, 'yan Red Cross ko 'yan agaji a rarrabe a hanya, teburin awon jini kyauta a wajen ƙarewa.

Kafin ranar a nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa kowa danna ƙirji. In mutum ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, ba ruwa ake ɗura masa ba, ba taruwa ake a kansa ba, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓeɓeniya har motar asibiti ta iso.

In na kasa ƙarasawa fa, ya zan yi da waɗanda suka yi alkawari?

Ka tsaya. Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu, ko ciwon da ke sa ka ɗingishi, duk dalilin tsayawa ne, kuma tafiya a tsakiyar gudu ba faɗuwa ba ce, da yawa haka suke ƙarasawa. Tun ranar ɗaukar alkawari ka gaya wa mutane yadda za a yi, ko su biya na kilomitar da ka yi, ko su biya duka. Da ka dawo ka faɗa musu ainihin inda ka tsaya, ka tura musu lambar asusun ƙungiya a ranar tun abin yana da zafi, wanda bai tura ba a tuna masa sau ɗaya bayan sati cikin mutunci, daga nan a bar shi.